Dalilin da ya sa fara ke riga masu cin ta dawowa bayan feshi

Ya kai mai karatu, in kana cikin waɗanda suka yi noma a arewacin Tawa, ko Dakwaro, ko Tanut a damanar 2004, ba sai an ba ka labarin farar ɗango ba. Ta sauko daga arewa daidai lokacin da hatsi ke ɗaukar ido, ga shi kuma ruwa ya ɗauke da wuri. Da aka yi lissafin kaka, sai aka tarar ƙasarmu tana da giɓin cimaka na tan 223,000, giɓin ciyawar bisashe kuwa ya haura tan miliyan 4 da rabi. A 2005 buhun hatsi mai kilo 100 ya kai jika 30 a wasu kasuwanni, abin da ya biyo baya kuma kowa ya san shi. A yaƙin da aka yi da farar daga 2003 zuwa 2005, an fesa kimanin lita miliyan 13 na magani a kan hekta kimanin miliyan 13 a ƙasashen yammaci da arewacin Afirka.

Darasin da mutane da yawa suka ɗauka daga wannan shekara shi ne, duk inda aka ga ƙwaro sai a nemo magani. Je ka kowace kasuwar mako, za ka tarar da kwalabe jere a kan tabarma, piya-piya da ƴan uwansa, wasu ba takarda a jikinsu, wasu da takardar amma cikin harshen da mai sayarwa da mai saye ba wanda ke karanta shi. Duk da haka kukan manoma ɗaya ne: na fesa, sun mutu, bayan sati biyu sun dawo har sun fi na da. Galibi akan ɗora laifin a kan jabun magani, kuma wani lokacin haka ne. Amma akwai wani dalili da ya fi wannan zurfi, wanda ko maganin na ƙwarai ne ba ya kawar da shi. Dalilin yana cikin yadda ƙarfi ke tafiya daga rana zuwa ganye, daga ganye zuwa ƙwaro, daga ƙwaro zuwa mai cin ƙwaro.

Inda ƙarfi ke fitowa da inda yake zurarewa

Duk wani mai rai da ƙarfi yake motsi, kuma ƙarfin da ke cikin gonarka asalinsa ɗaya ne, wato hasken rana. Sai dai ni da kai, da saniya, da fara, ba mai iya shanya jikinsa a rana ya ƙoshi. Tsiro mai koren ganye ne Allah ya ba wannan baiwa. Yana jan ruwa ta saiwa, ya shaƙi wani sashe na iska ta ƙananan ƙofofin ganyensa, ya haɗa su da taimakon haske ya ƙera sukari, daga sukarin nan ne kara da zangarniya da tsaba ke ginuwa. Hatsin da ke cikin rumbunka hasken ranar watan Agusta ne da ka ɗaure a dami. Ko a wannan mataki na farko, abin da ganye ke kamawa daga hasken da ke sauka a gona bai wuce kimanin kashi 1 cikin 100 ba.

Daga nan sai ci ya fara. Fara ta ci ganyen hatsi, ƙadangare ya ci fara, shirwa ta sure ƙadangare. Wannan jeri shi masana ke kira sarƙar abinci. A gaskiya ya fi kama da raga, tunda ƙadangare ba fara kaɗai yake ci ba, ita ma fara ba ƙadangare kaɗai ke cin ta ba, amma kalmar sarƙa ta wadatar da mu a nan.

Abin lura shi ne, a kowane mahaɗi na sarƙar, mafi yawan ƙarfin zurarewa yake yi. Duk wanda ya taɓa turke ragon layya ya san wannan ba tare da an koya masa ba. Ka lissafa buhunan dusa da damman harawar da rago ya cinye a wata huɗu, sa'an nan ka auna naman da ya ƙaru a jikinsa. Ina sauran? Wani ya fita a kashi ba a narkar da shi ba. Wanda aka narkar kuma, mafi yawansa ya ƙone a cikin jiki wajen numfashi, da bugun zuciya, da tuƙa, da ɗumama jini, ya fice a matsayin zafi. Ɗan abin da ya zama tsoka da kitse shi kaɗai ne zai isa ga wanda zai ci ragon. Haka fara take, haka ƙadangare.

Wani matashin masani ɗan Amurka, Raymond Lindeman, shi ya fara auna wannan da lissafi, a wani ƙaramin tabki a jihar Minesota. Rubutunsa ya fito a 1942, watanni kaɗan bayan rasuwarsa yana da shekara 26. Daga aikinsa aka samo abin da ake kira ƙa'idar kashi goma: abin da ke hayewa daga wani mataki zuwa na samansa kimanin kashi 10 ne cikin 100. Awon da aka yi daga baya ya nuna yakan sauka zuwa 5, yakan hau zuwa 20, gwargwadon wuri da irin halitta. In muka ɗauki goma a matsayin misali na allo, kilo 1,000 na ganye zai riƙe kilo 100 na fara, shi kuma ya riƙe kilo 10 na ƙadangaru, su kuma su riƙe kilo 1 na shirwa, wato shirwa guda. Shi ya sa sarƙar ba ta cika wuce mahaɗi huɗu ko biyar ba. Shi ya sa kuma za ka ƙirga fara dubu a gefen gona kafin ka ga shirwa ɗaya a sama.

Kada a haɗa wannan da zancen taki. Gishirin ƙasa yana zagayowa: ya shiga kara, saniya ta ci, ya dawo gona a kashinta, ya sake shiga kara. Ƙarfi ba ya zagayowa. Sau ɗaya yake ratsa sarƙar ya fice, gobe sai rana ta kawo sabo, kuma in ba ganyen da zai tare shi, ya tafi a banza.

Abin da feshi ke yi wa saman sarƙa

Yanzu ka dubi gona guda da wannan ido. A ƙasa akwai masu cin tsiro, suna da yawa, suna kuma hayayyafa da gaggawa. Fara ba ta ɓata ƙarfi wajen ɗumama jininta kamar tsuntsu ko rago, rana ke ɗumama ta, saboda haka kaso mai tsoka na abin da ta ci yana zama jiki da ƙwai. Macen farar ɗango tana binne ƙwai kamar 80 a zubi ɗaya, kuma in ruwa da ciyawa sun samu, yawanta na iya ninkawa sau 20 cikin wata uku. A sama akwai masu cin su: gizo-gizo, da zanzaro, da ƙoƙi-ƙoƙi, da kwaɗi, da ƙadangaru, da bushiya, da belbela, da shirwa, da shamuwa. Ƙananan cikinsu ba su kai abin da suke ci yawa ba, manyan kuwa ƙalilan ne, haihuwarsu ma da jinkiri. Shirwa ƙwai biyu ko uku take yi a shekara. Ungulu ɗaya tak.

Maganin da ke kashe kowane ƙwaro ba ya tambayar wane ne ɓarawo, wane ne mai gadi. A ce ya kashe tara cikin goma na kowane ɓangare. Farar da ta saura ta tarar da gona cike da ganye ba abokin rabo, ga wata na shigowa daga gonar maƙwabci da ba a fesa ba. Masu cin fara da suka saura kuwa sun wayi gari abincinsu ya ɓace dare ɗaya: wasu su mutu da yunwa, masu fukafuki su ƙaura. Kafin su farfaɗo sai farar ta fara yawaita tukuna, domin daga jikinta ƙarfinsu ke fitowa. Ke nan dole mai ɓarna ya riga mai gadi dawowa. Wannan tazara ita ce sati biyun da manomi ke kuka da su, kuma in ya sake fesawa, ya sake buɗe ta.

An ga haka a ƙasarmu da awo. A ƙarshen shekarun 1990, a yankin Maine-Sorowa, masu bincike na shirin LUBILOSA sun gwada magani iri biyu a kan farar da ke zaune da mu kowace damana. Na farko, fenitrothion, ya zubar da fara nan take, amma ba a daɗe ba ta sake cika filin. Na biyu wata irin funfuna ce da ke kama fara kaɗai, wadda aka sayar daga baya da sunan Green Muscle. Ita sai ta ɗauki sati ɗaya zuwa uku kafin ta kashe, amma yawan farar ya daɗe a ƙasa, domin funfunar tana ci gaba da kama sabbin shigowa, kuma ba ta taɓa tsuntsaye da sauran masu cin fara ba. Irin wannan funfuna an yi aiki da ita sosai a Somaliya lokacin farar 2020 da 2021. Aibinta a idon manomi shi ne jinkiri: wanda ya biya kuɗi yana son ya ga gawa kafin la'asar. Wannan son ganin gawa, a ganina, ya ci mana dukiya fiye da yadda muke zato.

Akwai kuma wani abu da ke tafiya a sarƙar sabanin ƙarfi. Ƙarfi raguwa yake yi in ya hau, gubar da ba ta narkewa kuwa taruwa take yi. In ƙadangare ya ci fara ɗari mai ɗauke da ɗigon guba, ƙarfin farar ya ƙone ya fice, gubar ta zauna a kitsensa. Shirwar da ta ci ƙadangaru goma ta kwashi gubar fara dubu. Haka dieldrin yake, wanda aka daɗe ana yaƙar fara da shi a Sahel har zuwa shekarun 1980, kuma yana cikin magungunan da yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta haramta. Magungunan da suka maye gurbinsa sun fi saurin lalacewa, amma a kwanakin farko bayan feshi suna nan da kaifinsu. Ka tuna mu ma muna cikin wannan sarƙa. Soyayyar fara da yaji sana'a ce ta mata da yawa a Maradi da Damagaram da Yamai, kuma farar da magani ya kayar ta fi sauƙin tsinta da asuba. Duk wanda ya ga an fesa fili, ya hana yara tsintar fara a cikinsa, ya hana bisashe kiwo a wurin har kwanakin da ma'aikatan gona suka faɗa su cika.

Saman sarƙar dama ya riga ya yi rauni. Wani masanin tsuntsaye Bafaranshe, Jean-Marc Thiollay, ya bi wasu hanyoyin mota a Nijar da Mali da Burkina Faso yana ƙirga tsuntsaye mafarauta tsakanin 1969 da 1973, sa'an nan ya sake bin hanyoyin a 2003 da 2004. A wajen gandayen dajin da ake tsaro, ya tarar manyan ungulaye sun ragu da fiye da kashi 90 cikin 100, gaggafa ma ta yi mummunar raguwa. Magani ba shi kaɗai ya jawo haka ba. Akwai sarar manyan itatuwa, da ƙarewar namun daji, da farauta. Duk dattijon da ya san mahautar garinsu shekara 40 da suka wuce zai iya ba da tasa shaidar. Ƙasar Sin kuwa da gangan ta yi nata: a 1958 aka umarci jama'a su kashe gwarare don suna cin tsaba, aka kashe su da miliyoyi, fara da sauran ƙwari suka sami sake, abin ya ƙara wa yunwar 1959 zuwa 1961 muni, har gwamnati ta janye umarnin a 1960.

Kada ka fahimce ni da cewa tsuntsu zai tare farar ɗango in ta taso. Lissafin da muka yi a sama shi da kansa ya hana haka. Garken da ya rufe murabba'in kilomita guda yana ɗauke da fara miliyan 40 ko fiye, kowace tana cin nauyin jikinta a yini, kuma hukumar FAO ta ƙiyasta abin da suke cinyewa a rana ya kai abincin mutum 35,000. Ba shamuwar da za ta iya da wannan. Irin wannan fara aikin hukuma ne, kuma inda ya fi arha a tare ta shi ne can inda take ƙyanƙyasa, a Ayar da Tamesna, tun ba ta yi fiffike ba. Maganata a kan ƙwarin kowace shekara ne, waɗanda masu gadi ke iya dannewa in an bar su da rai. Kakanninmu da suka hana yara taɓa sheƙar shamuwa a tsakiyar gari, suna cewa baƙuwar damana ce, sun yi wa gonakinsu tanadin da ba mu yi ba: da fara take ciyar da ƴaƴanta tun daga ƙyanƙyasa har su tashi.

Gindin sarƙa

In saman sarƙa ya dogara da abin da ke hayewa daga ƙasa, to faɗin gindin shi ke yanke yawan masu gadi. Ka yi tunanin gonar da aka share ƙal. Hatsi na kama haske wata uku zuwa huɗu. Daga Oktoba har Yuni rana na zuba a kan rairayi, ba ganye ɗaya da zai tare ta. Karan da ya saura, wanda ya ninka tsabar nauyi, an kwashe shi don darni, ko murhu, ko sayarwa. Ba na zargin mai kwashewa. Wanda ba shi da itacen girki ba a yi masa wa'azin kara. Amma karan nan shi ne abincin gara da sauran ƙananan halittun ƙasa, kuma ta hannunsu ne mafi yawan ƙarfin tsiro ke bi, fiye da wanda ke bi ta bakin fara ko saniya. Gara tana huda faƙo ruwa ya shiga, abin da masu gina tassa a wajen Illela suka daɗe da ganewa; ita kuma zabi da kaji da ƙadangaru ke ci a lokacin da babu fara.

A nan gawo ya sha bamban da sauran itatuwa. Yana zubar da ganye da damana, ya bar wa hatsi haske, sa'an nan ya yi kore da rani ya kama hasken da ba mai kamawa, ya mai da shi ganye da ƴaƴa don bisashe, da fure don ƙudan zuma da zanzaro, da reshe don sheƙa. Sassaben zamani, wato barin tohon kututture a gona ana gyara shi, wanda ya bazu daga jahar Maradi tun 1983 da 1984, ya kai kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200, mafi kaurinsu a Magarya da Matamaye da Mirya. Akan yaba masa don taki da itacen wuta da tare iska. Ba a cika faɗin cewa yana ciyar da masu gadin gona a watannin da gona ba ta da abin ba su ba.

Murzuna da ɗan zanzaron buhu

Misalin da ya fi nuna wannan lissafi a fili shi ne na murzuna, tsutsar da ke sassaƙa zangarniyar hatsi tana bin ta a murɗe. Ba ta zama annoba ba sai bayan farin 1972 zuwa 1974. Malam-buɗe-littafinta na dare yana saka ƙwai a kan sabuwar zangarniya, tsutsar ta ɓuya cikin fure inda feshi ba ya isa sosai, in ta ƙoshi ta sauka ta shige ƙasa ta kwanta har damana mai zuwa. A mummunar shekara takan cinye fiye da rabin amfanin gona.

Tana da maƙiyi ɗan ƙasa, wani ɗan zanzaro da bai kai ƙwayar shinkafa ba, masana na kiransa Habrobracon hebetor. Macen tana harbin tsutsar ta sandare, ta saka ƙwai a jikinta, ƴaƴan su cinye ta, cikin kwana goma ko kusa da haka sababbi su tashi. Matsalarsa ita ce wadda muka bayyana. Murzuna tana barci a ƙasa duk tsawon rani ba ta bukatar ci, shi kuwa dole ya sami wata tsutsar da zai rayu a kanta, kuma a busasshen daji ba ta da yawa. Damana na zuwa ya tarar ƴan kaɗan ne suka saura daga cikinsa. Kafin ya yawaita, murzuna ta gama ɓarna.

Abin da masu bincike na cibiyar INRAN ta Maradi da takwarorinsu na Mali da Burkina Faso suka fara yi tun 2006 shi ne cike wannan tazara. Suna kiwon zanzaron da rani a kan tsutsar da ke cin hatsin ajiya, wato suna ciyar da sarƙar da ɗan hatsi daga rumbu. In lokaci ya yi, sai a zuba hatsi kaɗan, da tsutsotsi kamar 25, da matan zanzaro biyu a ƙaramin buhun algarara, a rataye buhu kamar 15 a kewayen gari. Cikin kwanaki sababbin zanzaro ke fita ta ramukan buhun su bazu cikin gonaki har nisan ƴan kilomitoci. A garuruwan da aka yi awo, mafi yawan tsutsotsin sun mutu, amfanin gona kuma ya ƙaru da kimanin kashi ɗaya cikin uku. Tiya ɗaya ta hatsi da aka ba tsutsar kiwo ta fanshi damma masu yawa.

Sai dai aikin yana da sharuɗɗa, kuma a kansu ne yakan lalace. Ana sake shi kowace shekara, tunda rani zai sake rage zanzaron. Ana rataye buhunan lokacin da hatsi ke fitar da kai, ba bayan an ga garin ɓarna na zuba daga zangarniya ba. Ke nan ƙungiyar manoma ta je wurin ma'aikatan gona ko masu kiwon zanzaron tun ana noman farko, ta tara kuɗinta kafin a shiga tsakiyar damana da aljihu ke bushewa. Kuma aikin na gari ne gaba ɗaya, domin zanzaro bai san iyakar gona ba: wanda bai ba da ko dala ba zai ci moriya, wanda ya ɗauko kwalbar kasuwa ya fesa wa wakensa a satin da aka rataye buhu kuwa ya kashe abin da maƙwabtansa suka saya. Shi ya sa zancen ya kamata ya bi ta gaban mai gari, a faɗe shi a masallaci da wurin taron mata, a tsai da ranar rataya da kwanakin da ba mai yin feshi a gonakin da ke kewaye.